Gashin Kare a Kan Sallaya

Karen farauta irin namu na gida, siriri mai gajeren gashi, bai cika jawo wa malaman zaure doguwar tambaya ba, don iyakarsa ƙofar gida. Sai da masu hali a Abuja da Kaduna da Kano suka fara ajiye German Shepherd saboda gadi magana ta taso. Shi wannan kare gashinsa ninki biyu ne, na sama mai kauri da na ƙasa mai laushi, kullum yana zuba, sau biyu a shekara kuma ya zubar da na ƙasan da yawa. Iska ta kwasa ta kai kan shanya da kushin da sallaya. Maigida ya idar da salla, ya ga sili uku a gefen rigarsa, zuciya ta fara raya masa ko sai ya sake.

A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa suka tashi a kanta, ba zai sake ba. Ƙa'idar da ke cikin Mukhtasar na Khalil ita ce duk mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa, kuma ba a cire kare ba. Imam Malik, wanda ya rasu a shekarar 179 bayan hijira, ya san hadisin wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sha a cikinta, shi da kansa ya kawo shi a Muwaɗɗa. Sai dai ya ɗauke shi a matsayin bauta, umarnin da ake bi ko ba a gano dalilinsa ba. Hujjarsa na da kaifi: aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta naman da horarren kare ya kamo, to da me ya kamo shi in ba da baki ba?

Shafi'awa sun tsaya a ɗaya ɓangaren. A wurinsu kare dukansa najasa ce mai nauyi, wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, kuma mashhurin ra'ayin Hambaliyya bai yi nisa da wannan ba. Ko su ɗin, busasshen gashi a kan busasshen tufa kakkaɓewa ake yi, sai in akwai danshi wanki ya wajaba. Hanafiyya suka raba: yawu najasa, gashi tsarki, Ibn Taimiyya ma nan ya karkata.

Abin mamaki shi ne mutum ya sauke Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, tun yana yaro, amma kare na shafar wandonsa sai ya nufi randa kamar Bashafi'e. Ƙyamar da aka gada a gida ce ta rinjayi karatun da aka yi a zaure, wani lokaci har ta zama wasiwasi.

Ajiye karen kuma shari'a ce daban. Hadisai sun yi rangwame ga na farauta da kiwo da gona, suka ce ladan wanda ya ajiye ba don haka ba yana raguwa kullum, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan. Ana ba da labarin cewa marubucin Risala da kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ɗaure.

Inda masu fakewa da fatawar Malikiyya ke kuskure shi ne ɗaukar tsarki a matsayin tsafta. Fiƙihu ya amsa ko salla ta yi, bai ce a bar gashi ya taru a ƙarƙashin gado ba. Abin da ke tayar wa wasu da atishawa da asma ba silin gashin ba ne, sinadarin da ke cikin yawu da ɓawon fata ne, kare kuwa yana lasar jikinsa. Ƙwan tsutsar ciki da ke fita ta kashinsa shi ma yakan maƙale a gashi, in ya bi hannu ya shiga baki yana iya zama ƙullutun ruwa a hanta. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa a riƙa taje shi da buroshi a waje, a ba shi maganin tsutsa a kan kari, yara kuma su wanke hannu da sabulu kafin su zauna gaban tuwo.