Ƙibar da Aka Tara Tare, Wa Zai Sauke Ta?

Yau wata 'yar tambaya ce na zo mana da ita, wadda in an ji ta da farko sai a yi dariya, amma in aka zauna aka auna ta sai a ga ta ɓata zukata a gidaje da yawa. Miji da mata sun zauna wuri ɗaya, sun ci abu ɗaya, sun yi ƙiba tare har jiki ya fara kuka. To, a wuyan wa nauyin gyara yake? Kuma wanda ya fara buɗe baki ya ce "mun yi nauyi", ƙauna ya nuna ko cin fuska ya yi?

Bari mu fara duba ta inda zaman ya shigo mana. Kakanninmu mata ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin kuwa rayuwar tasu ce gaba ɗaya motsi. Kafin tuwo ya sauka sai an yi sussuka, an yi surfe, an yi daka, an ja ruwa a rijiya, an hura wuta. Mazansu kuwa in ba gona ba kasuwa, a ƙafa ko a keke. Yau ga injin markaɗe, ga ɗan garuwa, ga A Daidaita Sahu har ƙofar gida. Ni dai ba na kukan waccan wahala, Allah ya raka taki gona. Abin tambaya shi ne, lokacin da muka samu, me muka zuba a cikinsa?

A gidajen matasa da yawa amsar ita ce gem. Tun da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da PlayStation a 1994 samari suka samu abin yi, sannan wayar hannu ta zo ta shigar da abin har uwar ɗaka. Candy Crush ta fito a 2012, Ludo King a 2016, kuma masu ƙera irin waɗannan wasanni sun san aikinsu, domin duk matakin da kika haye akwai wani yana jiran ki, sai ki ce bari in ƙara ɗaya, kafin ki ankara an yi kiran assalatu. Hannu ɗaya yana kan waya, ɗayan yana cikin farantin cincin. Ga lemon kwalba a gefe, ga Indomie da ƙwai ƙarfe ɗayan dare. Mai gem kuwa ba ya jin ƙoshi da wuri, saboda hankalinsa ba ya kan abin da yake taunawa. Har ta kai a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka, ko da yake ta bayyana cewa kaɗan ne daga cikin masu wasan abin yake kai su can.

Na san wata za ta ce, "Haba Anti, ai gara ya zauna a gida muna gem da ya tafi majalisa sai sha biyun dare." Wallahi gaskiyarki, kuma ban ce wasa tsakanin miji da mata laifi ba ne, abu ne mai kyau ma. Sai dai wasan da zai zaunar da ku a kan kujera awa biyar kullum bashi yake ciyo muku, kuma jiki ne zai biya.

Akwai 'yar wata maƙwabciyarmu da abin ya faru a kanta. Mijinta gyaran waya yake yi a shago, wuni yake a zaune, in ya dawo su kunna gem ɗin ƙwallo su kwana suna fafatawa. Shekara huɗu da aure, leshin lefenta ya daina shiga, in ta hau bene sai ta huta a tsakiya. Ran nan tana ɗaura zani ya dube ta ya yi dariya ya ce, "Amarya, ke kam kin zama buhu, ya kamata ki rage." Ta shiga ɗaki ta sha kukanta, kwana uku ba ta ci abin kirki ba, ta fara bin masu tallan shayin rage ƙiba. Ana cikin haka ciwon kai ya matsa masa, ya je asibiti aka ce jininsa ya fara hawa, likita ya ce lallai ya rage tumbi. Da ya dawo yana ba ta labari jikinsa a sanyaye, sai ta buɗe akwati ta ɗauko wandon da ya sa ranar ɗaurin aurensu ta miƙa masa, ta ce, "Yaya, don Allah gwada wannan mu gani." Ko cinyarsa bai wuce ba. Nan suka dubi juna, dariya ta ƙwace musu. Ta ce, "Yaya, tare muka ci, tare za mu biya."

Wannan magana tata ita ce amsar rabin tambayarmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Namijin da zai ce wa matarsa ta rage ƙiba alhali shi ne mai shigowa da tsire da lemo kowane dare, kuma shi ne ba ya son ta leƙa ko ƙofar gida, ya ɗaure ta ne sannan ya ce ta yi gudu. Haka ita ma macen da za ta riƙa yi wa miji gorin tumbi alhali ita ce mai malala mai a miya har yana iyo, in bai cinye ba ta yi fushi, ba ta yi adalci ba. Tukunya ɗaya ake ci, saboda haka ba yadda za a yi mutum ɗaya ya gyara cinsa a bar ɗayan yana gabansa yana lashe yatsa.

Kada ki ɗauka zancen fatar baki ne. A 2007 wasu masana biyu a Amurka, Nicholas Christakis da James Fowler, sun bi bayanan mutum 12,067 da aka shafe shekara 32 ana auna su a wani dogon bincike na garin Framingham. Suka gano cewa in ɗaya daga cikin ma'aurata ya yi ƙiba mai yawa, yiwuwar ɗayan ma ya yi tana ƙaruwa da kashi 37 cikin ɗari. Hausawa sun riga sun faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin daɗin shi ne, alheri ma haka yake naso. A 2018 wata malama a Jami'ar Connecticut mai suna Amy Gorin ta fitar da sakamakon bin ma'aurata 130 na wata shida, inda mutum ɗaya kawai a kowane gida aka sa a tsarin rage ƙiba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abokan zamansu, waɗanda ba wanda ya ce musu komai, su ma suka rage kashi 3 cikin ɗari na nauyinsu ko fiye.

Saura rabin tambayar, wato faɗar gaskiya. Wata za ta ce jikina nawa ne, ba ruwan kowa da shi. Ni kuwa sai in ce, ranar da aka ɗaura aure aka shafa fatiha, kowannenku ya karɓi amanar lafiyar ɗan'uwansa. In ciwon suga ya kama maigida, wa zai riƙa dafa abinci kala biyu? In shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, wa zai ɗaga shi ya kwantar, wa zai nemo kuɗin makarantar yara? In ke ce gwiwa ta hana ki tashi, wa zai shiga ɗawainiya? Wanda zai yi jinya yana da haƙƙin ya yi magana tun kafin jinyar ta zo. Shirun da ake yi don gudun ɓacin rai ba ƙauna ba ce, tsoro ne. Amma fa akwai bambanci tsakanin mai cewa "ki rage" da mai cewa "mu rage". Na farko yana duban surarki ne yana gwada ki da matan waje, wani ma har ya haɗa da barazanar kishiya. Na biyu yana duban shekarun da yake fatan ku yi tare. Gori ba ya rage ko kilo ɗaya, sai dai ya koya wa mutum cin abinci a ɓoye.

A nan dole in tsaya in yi wa mata adalci. Ba kowace ƙiba ce ta lalaci ba. Akwai ta haihuwa, akwai ta gado, akwai wadda wasu magunguna ke kawowa, kuma namijin da matarsa ta haifa masa 'ya'ya huɗu yana neman ƙugun ranar buɗar kai, shi ne yake buƙatar nasiha. Sannan mu kanmu mata muna da hannu. Amarya in ta yi wata shida ba ta ciko ba sai a fara tsegumi a gidan biki, wai ko ba ta jin daɗin gidan ne. Wannan magana ce take tura 'yanmata shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda a cikinsu akwai irin su dexamethasone, maganin da in an sha shi ba bisa umarnin likita ba yake tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya ɗaga jini da suga. Yau a ce ki sha ki fashe, gobe a ce ki sha ki rame, duk don idon mutane. Yaushe za a tambayi jikin abin da shi yake so?

Ba kuma mu kaɗai abin ya dama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 manya miliyan 890 ne suke fama da ƙiba mai yawa a duniya, kuma yawan masu ita ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. In kina son sanin inda kuka tsaya, ba sai da sikeli ba, ki ari tef ɗin tela ki auna ciki daidai cibiya. Mace in ta wuce inci 35, namiji in ya wuce inci 40, to haɗarin hawan jini da ciwon suga ya ƙaru, sai a je a ga likita.

To, yaya waɗancan yaran suka yi? Ba su fasa waya ba, ba su sayar da gem ba. Sharaɗi suka kafa, ba a kunna gem sai an yi tattaki, kuma ba a cin komai ana wasa. Bayan sallar asuba, gari da sanyi, sai ta zumbula hijabinta su zaga unguwa na rabin awa. Ranar da ba hali, ta yi tsallen igiya a tsakar gida shi yana ƙirga mata, sannan ya karɓa. Lemon kwalba ya koma na ranar Juma'a, domin kwalba ɗaya ta santilita 35 tana iya ɗauke da sukari ƙaramin cokali 8 zuwa 9. Suka koma zoɓo da kunun aya marasa zaƙi sosai, suka rage malmalar tuwo suka ƙara zogale da rama da wake, abincin dare kuma kafin isha'i. Wanda ya ci gem a da shi ake saya wa tsire, yanzu wanda aka cinye shi ne mai wanke-wanke. Bayan shekara guda wandon nan ya shiga, leshin ma ya shiga.

Rabin awar nan ba su suka ƙirƙiro ta ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato minti 30 sau biyar. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, a kan mutum 3,234 da suke dab da kamuwa da ciwon suga, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci da irin wannan tattaki, da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kin ga ke nan mai kilo 90 in ta sauke kilo 6 ta yi babban aiki. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa, sannu ba ta hana zuwa. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai wani ciwo, su fara tuntuɓar likita.

Wanda kuma yake ganin zubar da girma ne a gan shi yana motsa jiki da matarsa, sai ya tuna abin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) ta tsere masa, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya tsere mata, ya yi mata raha cewa ya rama. Ba gori a ciki, ba kwatanta ta da wata, wasa ne na masoya, kuma a tsaye aka yi shi.

Saboda haka 'yar'uwa, amsata ita ce nauyin yana wuyan ku biyu, kuma wanda ya fara magana ya kyauta, muddin ya fara da kansa. In ke ce kika fara gani, kada ki jira sai likita ya faɗa, kada kuma ki faɗa a gaban yara ko a gaban danginsa. Ki zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi ki ce, "Maigida, ina son mu tsufa tare da ƙafafunmu, gobe ka raka ni tattaki." In ya ƙi, ki fara naki a tsakar gida, ki gyara tukunyarki, domin daga cikinta yake ci. Ku kuma 'yanmata, tun kafin a kai lefe ku lura da yadda saurayi yake magana a kan jikin mata, domin bakin da ya yi wa wata dariya yau, gobe ke zai yi wa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya zaunar da mu lafiya da mazajenmu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.