Ruwan da ya yi tsarki, amma bai rabu da magani ba

A fiƙihun Malikiyya, ana duba ruwa ta fuska uku: launi, ɗanɗano da wari. A 1978 majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta amfani da ruwan bahaya da aka tace, muddin ya koma asalinsa kuma babu cutarwa a cikinsa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya yi nauyi a yau. Matatun ruwan ƙazanta na birane suna dogara da ƙwayoyin halitta masu cinye dauɗa. To amma ragowar magungunan da ke fita ta fitsari, kamar diclofenac na ciwon jiki da carbamazepine na farfaɗiya, ƙwayoyin halittar ba sa iya narkar da su sosai. Sai su bi ruwan da aka tace su faɗa kogi, ido bai gan su ba, hanci bai ji su ba.

Don magance wannan matsala, Suwizalan ta fara aiki da doka a 2016, wadda ta wajabta wa manyan matatunta ƙarin tacewa, da iskar ozon ko gawayi na musamman.

Alwala da ruwan da aka tace har ya koma asalinsa ta inganta. Amma halaccin shayar da jama'a shi, hukunci ne da malami ba zai yanke shi kaɗai ba, sai ya zauna da masanin sinadarai.