AMSAR DAIDAI CE, AMMA TAKA CE?

 

Daren Talatar da ta wuce, bayan sallar Isha'i, wani matashi ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya matso kusa da ni. Ɗan aji ɗaya ne a jami'a, yana karanta ilimin tattalin arziki. Ya ce, "Malam, tambaya gare ni, amma don Allah kada a yi mini dariya." Na ce masa bismillah.

Ya ce an ɗora musu kwasa-kwasan lissafi har uku: aljebra, kalkulas, ga kuma ƙididdiga. Kusan kowane mako akwai jinga, kuma makin jingar ana haɗa shi da na jarrabawa. Shi kuwa abin da yake yi, sai ya ɗauki hoton tambayar da waya, manhaja ta warware masa tun daga layin farko har na ƙarshe, ya kwafe da hannunsa ya miƙa. Ya ce, "Malam, ban leƙa takardar kowa ba, ban ba lakcara ko sisi ba, amsar kuma daidai ce. To wa na cuta?"

Ban yi saurin amsawa ba, domin tambayar ta taɓa mini wani tsohon miki.

Shekarar da na dawo daga karatu, aka kira ni rabon gado a unguwarmu. Mamacin ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, da mahaifinsa da mahaifiyarsa. Bayan an biya bashi, abin da ya rage mu ƙaddara naira miliyan 2 da dubu 700 ne. Ni kuwa na ci jarrabawar fara'il da maki mai kyau, saboda na haddace jadawalin tsaf: asalin mas'ala 6 yana yin auli zuwa 7, 8, 9 da 10, 12 zuwa 13, 15 da 17, 24 kuma zuwa 27. Ina ganin magadan na gane wannan ta 27 ce. Na raba dukiyar kashi 27, kowane kashi dubu 100. Matar ta sami 3, 'ya'yan 16, uwa 4, uba 4. Rabon nan daidai yake, har gobe babu malamin da zai tayar da shi.

Sai matar ta yi magana daga bayan labule. Ta ce, "Malam, a gafarce ni. Ni dai tun ina yarinya na ji ana cewa tumuni ne rabon matar da mijinta ya bar 'ya'ya. Ɗan'uwana ya buga mini, tumunin kuɗin nan dubu 337 da 500 ne. Yaya aka yi na koma dubu 300?"

Wallahi 'yan'uwa, na buɗe baki na rasa abin faɗa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Hajiya, auli ne, haka yake a littafi." Ta yi shiru. Daga baya na ji ta daina shiga gidan surukanta, tana ganin malam ya karkata wajensu ya rage mata haƙƙi a ranar da take cikin takaba.

Wadda ta ɗinke ɓarakar nan wata yarinya ce a dangin, ɗalibar lissafi. Ta zaunar da matar ta ce mata: tumuni 3 ne cikin 24, sulusi biyu na 'ya'ya 16 ne cikin 24, sudusin uwa da na uba 8 ne cikin 24. In an haɗa, 27 ke nan cikin 24, wato rabon ya fi dukiyar yawa. Tuwo ne bai kai yawan baƙi ba, sai aka gutsuri malmalar kowa gwargwadon girmanta. An rage wa kowa ɗaya bisa tara na rabonsa: 'ya'yan sun sauko daga miliyan 1 da dubu 800 zuwa miliyan 1 da dubu 600, kowane ɗaya daga iyayen ya sauko daga dubu 450 zuwa dubu 400. Da matar ta ga ba ita kaɗai aka taɓa ba, sai zuciyarta ta sauka.

Amsata daidai ce a ranar, amma ba tawa ba ce. Aro na yi daga jadawali, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Wadda ta biya kuɗin jahilcina kuwa baiwar Allah ce da ba ta san ma an taɓa yin wata jarrabawa ba.

Wannan labari na ba matashin nan, sannan muka shiga maganar lissafinsa.

Kalmar aljebra da yake jin tsoro, daga sunan littafin Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun. Jabru a Larabci ɗori ne, irin wanda ake yi wa karaya, muƙabala kuma daidaita ɓangare biyu. Babban yanki na littafin ma a kan lissafin gado da wasiyya yake. Akwai wata mas'ala sananniya a ciki: wata lamba ce, in ka ninka ta da kanta, ka ƙara ninkinta goma, sai a sami 39. Amsar 3 ce, ko yaro mai haƙuri zai iya lalubo ta da gwaji. Amma shi bai tsaya nan ba. Ya nuna a ɗauki rabin 10, wato 5, a ninka shi da kansa ya zama 25, a ƙara a kan 39 a sami 64, a ɗauki saiwarsa 8, a cire 5, saura 3. Sannan ya zana murabba'i don mai karatu ya ga da idonsa dalilin da ya sa hanyar take aiki. Lambar 3 mas'ala ɗaya take warwarewa. Hanyar kuwa tana warware duk mas'alar da ta yi kama da ita, shi ya sa sama da shekara 1,200 ana koyar da ita.

Wannan shi ne dalilin da ya sa malamin lissafi yake cewa a nuna aiki. Shi ai ya san amsar tun kafin ya ba da tambayar. Abin da bai sani ba, wanda yake son takardarka ta gaya masa, shi ne ko kai ka iya. To in ka rubuta sunanka da lambarka a saman aikin da manhaja ta yi, me ka gaya masa? Ka ce masa "na iya", alhali ba ka iya ba. Lambobin duk gaskiya ne, ƙaryar a sunan take.

Ku lura da yadda Bahaushe ya kira abin da ake bayarwa a ƙarshen karatu: takardar shaida. Jami'a ce take shaida wa duniya cewa wane ya san kaza. Wanda zai ɗauke ka aiki bai ga kanka ba, shaidar ya gani. Kowace jinga da ka kwafa, ka sa wani bawan Allah ya sa hannu a kan shaidar da ba haka take ba, ba tare da ya sani ba. Mu kuma mun san matsayin shaidar zur, mun kuma san yadda addini ya tsananta a kan algus, wato a sa mai kyau a sama a ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa.

Matashin bai yi shiru ba, kuma na ji daɗin haka. Ya ce, "Malam, to kalkuleta fa? Ai ita ma na'ura ce." Na ce gaskiyarka. Amma mai kalkuleta shi yake yanke shawarar abin da za a ninka da abin da za a raba, ita tana rage masa wahalar hannu ne. Kai kuwa tunanin gaba ɗaya ka miƙa. Ga ma'auni mai sauƙi: in an karɓe wayar, aka canza lambobin tambayar, za ka iya? In za ka iya, kayan aiki ka yi amfani da shi. In ba za ka iya ba, wani ne ya yi maka.

Ya ce, "Malam, ba ka ga ajin ba ne. Mun yi ɗaruruwa, na baya ba ya jin abin da ake faɗa, ga zangon karatu a matse." Wannan ma ban musa ba. Akwai haƙƙin ɗalibai a wuyan masu tafiyar da ilimi, kuma za a tambaye su. Amma gazawarsu uzuri ce ta ka faɗi, ko ka sami maki kaɗan. Ba ta mayar da abin da ba ka sani ba ya zama ka sani.

Sai ya kawo ta ƙarshe, wadda na san ita ce a zuciyar da yawa: "Ni kalkulas ɗin nan me zai yi mini a rayuwa?"

Lissafi gini ne, kowane layin bulo a kan na ƙasansa yake zaune. Kalkulas, wanda Newton na Ingila da Leibniz na Jamus suka tsara a ƙarni na 17, ilimin auna saurin canji ne: yadda farashi yake hawa, yadda magani yake raguwa a jini, yadda ruwa yake cika madatsa. Darasinsa na farko yana buƙatar ka iya buɗe (x + h)². Wanda ya tsallake aljebra da kwafi zai rubuta x² + h², ya manta 2xh da ke tsakiya. Gwada da 3 da 4: haɗinsu 7, ninkinsa da kansa 49, amma 9 da 16 sun ba da 25 ne kawai. An zubar da 24 a hanya. Wannan 2xh da ya zubar, daga cikinsa amsar kalkulas ɗin take fitowa, wato 2x. Bashin zangon farko a zango na biyu ake biyansa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙididdiga kuwa ta fi ba ni tsoro, don a nan ne amsa take zama daidai kuma ta yaudari mutane. A ce mutum goma ne a wani layi, tara suna samun dubu 30 a wata, ɗaya yana samun miliyan 3. In ka haɗa ka raba goma, matsakaicin samu dubu 327 ne. In kuma ka jera su ka ɗauki na tsakiya, dubu 30 ne. Duka biyun manhaja za ta ba ka, duka biyun daidai ne. Amma in rahotonka ne zai sa a kai tallafi layin nan ko a tsallake shi, wanne za ka rubuta? Wanda bai fahimci bambancinsu ba zai hana mutum tara abinci, yana ganin ya yi aiki mai kyau. Na ce masa, ƙanena, kai da kake karanta tattalin arziki, wannan teburin kake nufa. Ka tambaye ni wa ka cuta. Ba ka haɗu da shi ba tukuna, kamar yadda ni ma ban san matar nan ba ranar da nake haddar jadawali.

Ban ce masa ya jefar da waya ba. Na ce ya fara kokawa da tambayar shi kaɗai, ko da minti 30 ne. In ya maƙale, ya duba matakin da ya tsaya, ya rufe wayar, ya sake daga farko da wasu lambobi. Ya nemi abokai biyu ko uku su riƙa yi wa juna bayani, don abin da ba ka iya bayyana wa wani ba, ba ka gama saninsa ba. In malami ya hana amfani da manhaja a jinga, to ya hanu, alkawari ne. In kuma lokaci ya ƙure, ya miƙa rabin da ya iya. Maki 4 cikin 10 da guminka ya fi 10 na aro, domin 4 ɗin nan sun nuna maka inda 6 suka ɓace.

Ya ce, "Malam, to in na faɗi kwas ɗin fa?" Na ce za ka maimaita, za ka ji kunya na ɗan lokaci, wataƙila a yi maka faɗa a gida. Ba ƙaramin abu ba ne, ban raina shi ba. Amma ni na ɗanɗana ɗaya kunyar, ta tsayawa gaban mai haƙƙi da amsar da ba zan iya karewa ba. Bayan abin nan sai da na koma na zauna gaban wani malamin lissafi na sakandare, da rawanina, ya sake koya mini haɗa ɓangarorin lamba tun daga tushe.

Ɗalibai da ke karanta wannan, kafin ka rubuta sunanka a saman takarda, tambayi kanka ko za ka iya tsayawa a kan abin da ke ƙasansa. Iyaye kuma, mu rage tambayar "nawa ka ci?" mu ƙara da "me ka gane?" Sau da yawa matsinmu ne yake tura su ga kwafi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya buɗa wa ɗalibanmu ƙwaƙwalwa, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wanda ba mu sani ba. Wallahu a'alam.