Ƙwayar Magani a Hannun Malami

Jama'a, shin ya halatta malami ya ba ɗalibi magani a makaranta ba tare da sanin mahaifinsa ba? Tambayar ta shafi iyaye a Anka, Gummi da Bukkuyum, domin a makarantu akan raba maganin tsargiya da na tsutsar ciki.

Shari'a ta yi umarni da neman magani. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma da magani Allah Ya ceci da yawa daga waɗanda suka rage. Saboda haka uban da ya hana ɗansa magani ya zalunce shi.

Amma uba shi ne waliyyi, yaro kuwa amana ne a hannun malami. Gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 ya bar zargin da ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003.

To, malami ya sanar da iyaye tun da wuri, ya faɗi sunan maganin, ya tabbatar yaro ya ci abinci kafin ya sha na tsargiya. Uba kuma ya tambaya, ya amince. Allah Ya sa mu dace, amin.