NAMAN DAJI HALAL NE, TO WA YA CINYE DAJIN FALGORE?



Shekaranjiya bayan sallar Isha'i wani matashi cikin masu zaman karatun Risala ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya miƙo min wayarsa. Bidiyo ne na wasu maharba a duwatsun Amurka. Sun yi kwanaki suna tafiyar ƙasa da kaya a baya, suna bin wata dabba da suke kira elk. Dangin barewa ce, amma namijin yakan haura kilo 300, ga ƙahoni kamar rassan bishiya. A watan Satumba, lokacin barbara, namijin yakan yi wani irin kuka mai kai nisa. Sai maharbi ya sa abin busa a baki ya kwaikwayi kukan, dabba ta taho da ƙafarta, ya sakar mata kibiya. Yaron ya ce: "Malam, wannan ba yaudara ba ce?"

Na ce masa dabara a farauta ba laifi ba ce. Ai maharbanmu ma sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya su saje da tsuntsu har su kusanci nama. Daga nan muka samo "shigar burtu". Ya gamsu ya tafi. Ni kuma na koma gida da wata tambayar da shi bai yi ba: me ya sa su har yau suke da abin harbi, mu kuma namu dajin ya yi tsit?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos, ya wuce Tudun Wada ya nufi Doguwa, ya ratsa dajin Falgore. Tun zamanin Turawa, a shekarun 1940, aka keɓe shi da sunan Kogin Kano, daga baya a shekarun 1960 ya zama gandun namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Kogin Kano ta cikinsa ya bi kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako. Kenan manomin rani na Kadawa ma yana da rabo a lafiyar wannan daji, ko bai taɓa taka shi ba.

Bara na je ta'aziyya wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada, na zauna kusa da wani tsohon maharbi da ya doshi tamanin. Ya riƙa lissafa min abin da ya gani da idonsa yana saurayi: gwanki, kanki, gwambaza, ɓauna, mazo. Ya ce jikokinsa kuwa gwanki a kirari kawai suka san shi, gwanki sha bara. Na ce: "Baba, to wa ya ƙarar da su?" Ya yi shiru, can ya ce: "Malam, ni dai ban taɓa harbin abin da ba zan ci ba."

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Kuma matsalar ke nan. Da za ka tara maharban Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, kowa abin da zai faɗa ke nan, kuma mafi yawansu gaskiya za su faɗa. Kowa halal ya ɗauka. To in kowa halal ya ɗauka, kuma daji ya wayi gari babu komai, laifin yana wuyan wa?

Farauta dai halal ce, babu jayayya. Suratul Ma'ida ta halatta abin da kare ko tsuntsun da aka horar ya kamo. Adiyyu ɗan Hatim (RA) ya yi wa Manzon Allah (SAW) tambayoyi filla-filla a kan kare da kibiya, amsoshin suna nan a Bukhari da Muslim. Amma ita Risalar Ibn Abi Zaidin da muke karantawa ta raba farauta biyu: wadda aka yi don wasa makaruhi ce, wadda aka yi don buƙata ita ce halal. Malaman Malikiyya sun ƙara faɗaɗawa, suka ce hukunce-hukuncen nan biyar duk suna hawa kanta. Tana zama wajibi ga wanda iyalinsa za su halaka in bai fita ba, tana zama haram in za ta sa a tozarta salla ko a yi ɓarna. Ka ga kenan kalmar "halal" ba ta rufe magana ba. Sai an duba don me aka fita, ta yaya aka kama, kuma me ya biyo baya.

Kuskurenmu yana cikin yadda muke cewa dabbar daji ba ta da mai ita. Eh, a babin mallaka haka ne, wanda ya kama shi ya mallaka. Amma rashin mai ita a cikin mutane ba ya nufin ba ta da Ubangiji. A Suratul An'am, aya ta 38, an sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummai ne kamar mu. Gwanki guda nama ne a tukunya. Gwanki na ƙarshe kuwa al'umma ce sukutum. Annabi Nuhu (AS) da aka umarce shi ya shiga jirgi, an haɗa masa da ɗaukar namiji da mace na kowane jinsi, a lokacin da mutane ke nutsewa. Abin da aka sa Annabi ya tseratar daga ruwa, mu za mu ƙarar da shi da bindigar toka mu ce ai halal ne?

Ɗauki misalin rijiyar unguwa. Guga ɗaya haƙƙinka ne. Amma in ka ga ruwa ya kusa ƙafewa, ka kawo jarkoki ashirin ka cika don ka riga maƙwabcinka, kowace guga ita kaɗai halal ce, jimillarsu kuma zalunci. Ƙa'idar fiƙihu ta ce ana kawar da cuta, kuma ba ta ware cutar da mutum dubu suka taru suka yi da kaɗan-kaɗan ba. Laifin da aka raba wa mutum dubu bai ɓace ba, kowa yana da kasonsa.

Akwai ayar da ta daɗe tana taɓa ni, ta 94 a Ma'ida. A can Allah ya faɗa wa muminai zai jarraba su da naman da zai zo inda hannuwansu da masunsu za su kai, don a ga mai tsoronsa a ɓoye. Maganar masu harami ake yi, amma darasin ya wuce nan. Wanda nama ya kufce wa ba a jarraba shi ba. Wanda aka jarraba shi ne wanda ya saita, ya ga mace ce da ɗa a gindinta, babu ma'aikacin gandu, babu kowa, ya sauke bindigar.

Su ma Amurkawan nan sai da suka kusa ƙarar da elk ɗinsu a farkon ƙarni na 20. Sai suka dawo suka ɗaure kansu: aka sa lokacin buɗe farauta da rufewa, aka ƙayyade adadin da za a harba, ba ka fita sai da takardar izini. A 1937 suka yi dokar da ta sa harajin bindiga da harsashi yake tafiya wajen kula da namun daji. A jihohi da dama laifi ne ka ɗauke ƙaho ka bar nama ya ruɓe. Yau suna da kimanin miliyan ɗaya. Ba cewa nake komai nasu daidai ne ba, wanda ya fita don ƙaho da hoto kawai Risala ta riga ta ba shi amsa. Abin da ke min ciwo shi ne wannan tsari namu ne tun asali. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Umar (RA) ya keɓe Rabaza, shi ne ake kira hima. Keɓe daji don maslahar jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci.

Na san wani zai ce: "Malam, kana cin nama a gida, kana hana talaka zomo." Magana ce mai nauyi. Kuma gaskiya ne ba maharba kaɗai suka cinye Falgore ba. Akwai masu gawayi, masu katako, kiwo, gonakin da ke cin gefen daji, ga shekarun da ɓarayin shanu suka mai da shi maɓoya. Sau da yawa ma maharban nan su ke sintiri mu yi barci. Ni kaina na sha sayen bandar naman daji a bakin hanya ban taɓa tambayar yadda aka kamo shi ba, to ina cikin masu kaso. Amma a duba wa zai fi shan wahala in daji ya mutu. Mai kuɗi zai sayi rago. Ɗan maharbi ne zai gaji bindiga da karnuka babu abin bi.

Yanzu kaka ta shigo, an fara yankan gero. Nan da 'yan makonni ciyawa za ta bushe, a fara jin gangar farauta. Ina roƙon iyayenmu Sarakunan Baka da shugabannin mafarauta su zauna tun yanzu su yi wa kansu dokoki. A bar cinna wa daji wuta don korar gafiya da zomo, a Sunan Abu Dawud Manzon Allah (SAW) ya yi faɗa a kan gidan tururuwa ɗaya da aka ƙona, ina ga daji guda? A bar tarkon waya, abin da ya mutu a ciki shaƙaƙƙe ne, mushe ne, an yi asarar rai an yi asarar nama. A ƙyale mai ciki da mai shayarwa. A cikin wannan hadisin ne ya sa aka mayar wa tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke. Inda hukuma ta keɓe kuma a girmama iyakarsa. Mu masu saye, mu riƙa tambaya.

Tsohon nan da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce mahaifinsa ya taɓa marinsa don ya harbo mace mai ciki, ya kuma hana shi baka har damina ta zagayo. Ya ce: "Lokacin na ɗauka mugunta ce." Ban ce komai ba, shi ma bai ƙara ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ya damƙa mana, ya yafe mana abin da muka ɓata da sani da rashin sani. Wallahu a'alam.