Shin Ya Dace Marubuci Ya Sa Mu Tausaya Wa Mai Kisa?

Mu malaman sakandare a nan Birnin Gwari mun lura yaranmu sun samu sabon abin hira. Littattafan zane ne na ƙasar Japan da ake kira manga, da finafinansu na katun da ake kira anime, suna turawa juna ta waya. Wasu iyaye na cewa shirme ne kawai. Mu dai mun zauna mun duba, kuma mun tarar da wata tambaya da ta shafi garinmu, ta kuma shafi duk mai riƙe da alƙalami.

Mu fara da Attack on Titan na Hajime Isayama, wanda aka kammala a 2021. Mutane ne da aka tsare cikin ganuwa saboda tsoron dodannin da ke waje. Yaron labarin, Eren, ya ga an halaka mahaifiyarsa, ya rantse sai ya rama. Da tafiya ta yi nisa sai ya gano cewa dodannin nan asalinsu mutane ne. Duk da haka bai tsaya ba, har ya hallaka mafi yawan mutanen duniya. Yaron da ya girma yana jin an tare hanyar Kaduna, ko an sace manomi a bakin dajin Kamuku, ba ya buƙatar a fassara masa zafin zuciyar Eren. Abin da ke ba mu tsoro shi ne yawancin yaran tafi suke yi masa.

Sai kuma Vinland Saga na Makoto Yukimura, wanda ya fara fitowa a 2005. Thorfinn ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kashe mutane domin ya samu damar ɗaukar fansar mahaifinsa. Wani ya riga shi kashe mutumin, shi kuma ya koma bawa yana sare daji yana noma, waɗanda ya kashe suna zuwar masa a mafarki. Ya tuba, ya ajiye makami. To amma marubucin bai wanke shi nan take ba. Ya kawo Hild, wadda Thorfinn ya kashe wa uba, ta riƙa bin sa da baka a hannu shekara da shekaru tana jiran ya karya alkawari. Sai da ta ga tubar da idonta sannan ta yafe.

A nan ra'ayinmu ya tsaya. A ƙarshen 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka kuma sake buɗe kasuwar kara. Gwamnati na iya ƙulla sulhu, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ne, babu mai bayar da ita a madadinsa. Saboda haka muna ganin ya dace marubuci ya nuna mana mai kisa a matsayin ɗan Adam, da uwarsa da abin da ya kai shi daji, bisa sharaɗi guda: kada ya kori matar mamacin daga labarin, kada kuma ya tilasta mata yafiya a shafi na ƙarshe don littafi ya ƙare da daɗi.

Wani zai ce mene ne namu da labarin Japan? Ai Abubakar Imam, haifaffen Kagara maƙwabciyarmu, daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce, ya sa musu rigar Hausa.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa. Labarin manomi da makiyayi da ɗan sa-kai da marayan da ke zaune a ajinmu yana nan yana jiran mai rubutawa. Idan ba mu rubuta ba, yaranmu za su ci gaba da koyon ma'anar fansa daga wajen Eren. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.