Aikin da Ido Ba Ya Gani

Akwai wata tambaya wadda ta shafi kowane mai sana'a, ko da shi ke ba kullum mu ke yinta a fili ba. Ga ta: idan akwai wani sashi na aiki wanda mai kaya ba zai taɓa gani ba, ba kuwa zai san ko an yi ko ba a yi ba, wajibi ne ma'aikaci ya yi shi? Bari mu ɗauki tsohon babur guda ɗaya, mu auna maganar a kansa.

A shekara ta 1959 kamfanin Triumph na ƙasar Ingila ya fara sayar da wani babur mai silinda biyu, sunansa Bonneville. A wani gari Meriden aka riƙa ƙera shi, har aka rufe ma'aikatar a 1983. Amma baburan ba su ƙare ba. Har yau akwai mutane a ƙasashe da yawa waɗanda su ke neman tsofaffin nan, su kwance injin, su sāke haɗa shi, su hau.

Injin nan ba shi da matatar mai ta takarda irin ta injunan yanzu, sai rariyar waya mai tare manyan tarkace. Masu ƙera shi sun yi wata dabara. A cikin karanshaf, watau ƙarfen nan mai nauyi wanda fistan su ke juyawa, sun bar rami, suka sa ɗan bututu a ciki. Baƙin mai ya kan bi ta nan. Sa'anda karanshaf ya ke juyawa da sauri, sai dauɗa da garin ƙarfe su fizgu zuwa gefe, kamar dutse cikin majajjawa, su manne a bangon ramin. Mai kuwa ya wuce da tsabta zuwa inda sandunan fistan su ke riƙe da karanshaf.

Dabara ce mai kyau, amma rami ya kan cika. Shekara da shekaru dauɗar tana taruwa, har ta yi tauri kamar busasshen yumɓu. Ran da ta toshe hanya, mai ba ya kai wurin, ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga. Wani lokaci sandan fistan ya karye, ya huda cikin inji. In kuwa mutum yana cikin gudu, ƙafar baya tana iya cijewa, ta yar da shi a kan hanya.

To, ƙaƙa a ke share ramin? Sai an sauke inji, an cire kansa da silinda, an raba cikinsa biyu, an fid da karanshaf. Sa'an nan a huda wurin da aka buga a jikin ƙarfen domin ya kulle murfin ramin, a kwance murfin, a zaro bututun, a kankare, a wanke. Kayan da za a saya kaɗan ne, wahalar ce da yawa. Bayan an rufe inji kuma, ba wanda zai iya dubawa ya ce an share ko ba a share ba. Sabon fenti kowa ya gani. Sabon ringi da fulogi kunne ya ji daɗin ƙararsu. Ramin nan kuwa daga bakanike sai zuciyarsa.

Bari mu ji abin da bakanike zai faɗa in ya tsallake wurin, gama maganarsa ba ta wofi ba ce duka. Da fari zai ce, mai babur bai tambaya ba, bai ma san da ramin ba. Gaskiya ne. Amma don me ya kawo aikin? Domin bai sani ba ne. Rashin saninsa shi ne ya sa ya miƙa amana. Wanda ya mai da rashin sanin mutum ya zama ribarsa, ya ci amanar nan tun daga gindinta.

Na biyu zai ce, watakila injin ya yi shekara goma bai buga ba, wa aka cuta? Wannan ma yana yiwuwa. Amma bakanike ya yi caca ke nan, kuma da wuyan wani ya yi ta. Idan injin ya buga, ba shi ne zai fāɗi ba. Mai yiwuwa ma ba mai babur na yau ba ne. Injin da aka ƙera a 1959 ya wuce shekara 60, ya bi ta hannuwa da yawa, zai kuwa bi ta waɗansu. Wanda zai hau shi nan gaba ba ya wurin ciniki, ba shi da bakin magana, duk da haka haƙƙinsa yana cikin ramin nan. Ran da ya fāɗi mutane za su ce tsautsayi ne, alhali kuwa hannun mutum ne ya ajiye tsautsayin tun da daɗewa.

Na uku zai ce, mai babur ba shi da kuɗin wannan babban aiki, ni kuwa ina da iyali, zan yi masa kyauta ne? A nan mun yarda da shi. Ba wanda ya ce ma'aikaci ya yi wahala a banza. Idan ya kira mai babur ya ce masa, ga abin da na yi, ga abin da na bari, ga kuwa haɗarin da ke ciki, to, ya fita. Mai kaya ya zaɓa da idonsa biyu. Ashe laifin ba a barin aikin ya ke ba, a ɓoyewa ya ke. Ƙarya tana shiga ne sa'anda aka goge bayan inji ya yi ƙyalli, aka ce an gyara shi duka, aka karɓi ladan duka.

Kada kuwa mu ɗora wa bakanike kayan duka. Mu masu kai aiki muna da namu rabo. Mu kan yi ta ciniki har mu matse ma'aikaci, mu yabi wanda ya gama da wuri, mu yi gunaguni da wanda ya daɗe. Da haka mu ke koya musu su yi abin da ido ya ke gani kaɗai. Araha ba ta ado. Kuma kiwon inji na yau da gobe a hannun mai shi ya ke. Wanda ya ke juye baƙin mai a kan kari yana rage dauɗar da ke shiga ramin. Tazarar bawul a injin nan kashi 2 ne cikin 1,000 na inci a wajen shiga, kashi 4 a wajen fita, misalin kaurin gashin kai. Ba mai wucewa da zai yaba wa mutum domin ya auna ta daidai, amma injin ya sani.

Amsarmu ke nan. Aikin ɓoye wajibi ne a yi shi, in kuwa ba za a yi ba, wajibi ne a faɗa. Muna ba masu wannan sana'a shawara su ajiye ɗan littafi, su rubuta ranar aiki da abin da aka taɓa da abin da aka bari, littafin ya riƙa bin babur duk inda aka sayar da shi.

'Yan'uwa, ko ba mu taɓa riƙe sifana ba, magini yana da harsashin gini, tela yana da cikin ɗinki, malami yana da takardun yara waɗanda ba mai duba su a bayansa. Kowannenmu ya san inda nasa ramin ya ke. Bari mu tambayi kanmu yaushe rabonmu da buɗe shi.